Yatsan da Wayar Ta Ƙi Ganewa

Lokacin darat ne, ƙarshen damina, sa'adda ruwan sama ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba, zafi ya dawo da sauro da zazzaɓi. Shekarar nan ba ta zauna wa kowa daidai ba. Burodi sai an bi layi, man mota sai an bi layi, wutar lantarki kuwa ta zama baƙuwa, ta leƙo da hantsi ta tafi kafin a gama gaisawa. Ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, ya yi jinkiri har dawa ta fara naɗe ganye. Samarin ƙauyenmu hankalinsu duk ya koma arewa, wajen haƙar zinariya a cikin hamada. Ɗana na fari yana cikin waɗanda suka tafi tun bazara.

Kafin ya tafi ya sayo mini waya a Managil, irin ta shafawa. Ya zaunar da ni a rumfar tsakar gida, ya juya wayar ya nuna mini wani ɗan zagaye a bayanta, ƙarƙashin idon hoto, bai fi maɓallin riga ba.

“Inna, kawo manuninki na dama. Ɗora nan. Ɗaga. Sake ɗorawa.”

“Minene wannan kuma?”

“Basma ce. Za ta riƙe zanen yatsanki, ba mai buɗe ta sai ke. Yaran gidan ga in suka samu waya a buɗe, sai sun share komai.”

Na ce masa na daɗe ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya don kawai in daina dangwala yatsa a ofishin gona, in rubuta sunana kamar kowa, ga shi ɗan da na haifa ya maishe ni inda na fito. Ya yi dariya ya ce ai wannan ba tawada. Ya sa wasu lambobi kuma, ya faɗa mini su da sauri, rabi da Larabci rabi da Hausa, yadda yaranmu ke magana. Ban riƙe ba, tunda yatsa na aiki. In na ɗauki wayar, manunina da kansa yake faɗawa kan zagayen nan daga baya, kafin in juyo da ita ta buɗe. Sau ɗaya da ta mutu ta nemi lamba, na ari wayar maƙwabciya na kira shi, lokacin bai yi nisa ba, yana faɗa ina dannawa.

Inda suke haƙa babu shabaka, wato layin sadarwa, kira ba ya shiga. Sai in ya fito kasuwar sansani sayen ruwa da gari yake samun hanya, ya aiko mini da muryarsa. Nakan saurara ina tsintar wake, in sake saurara bayan la'asar, in kai wa babansa shi ma ya ji, yana yi kamar bai damu ba. Haka muke har saƙo ya ɗauke. Na ce aiki ne. Aka ƙara kwanaki na ce shabaka ce. Sai wani direban babbar mota ya sauka a tasha ya ce rijiyar haƙa ta rufta da mutane a can, kuma ya ji ana cewa akwai Hausawan Jazira, wato yankinmu, a ciki. Bai san suna ba, bai san ƙauye ba. Labarin ya zagaya gidaje kafin azahar, kowace uwa ta ɗauka ta kai ɗakinta.

Ana cikin haka bikin 'yar ƙanen mijina ya zo. A danginmu in biki ya tashi ni ake ba kisra, wainar dawa mai faɗi, don tawa takan fita siriri ba ta yagewa. Wanda bai taɓa yi ba zai ce abu ne mai sauƙi. Ki zuba ƙullun dawa mai tsami kan doka, faifan ƙarfen nan da ke bisa wuta, ki baza shi da ɗan tsinken kaba, kafin ki ƙifta ido ya gasu, ki sa kan yatsa ki kamo gefensa ki ɗago. Da kan yatsa ake ɗagowa, ba da cokali ba. A gida nakan yi ta mutum kaɗan, fata ta saba. Ta biki kuwa tun asuba har rana ta yi tsaka, kuma ba yini ɗaya ba. Ni ma na so aikin, don muddin ina gaban wuta ba na tunanin rijiya. Da na gama, kan yatsuna sun yi sumul suna sheƙi kamar an goge su da dutse.

Ranar lalle na ce a bar ni. Raina ba ya wurin ado. Faccalata, uwar amarya, ta ajiye kwanon da ke hannunta ta dube ni.

“Yaya, mi kika ce?”

“Na ce ku yi abinku, ni hannuna ya gaji.”

“Mijinki ga shi can yana rabon goro. Ɗanki ba wanda ya zo ya ce miki komai. Ki shiga cikin mata da hannu fari, a ce takabar wa kike yi? Ko so kike ki kira abin da bai zo ba?”

A wurinmu matar aure ba ta zama da hannu fari sai in makoki take yi. Na san wannan tun ina yarinya, amma ban ji nauyinsa ba sai ran nan. Tsoro ya kama ni, na ga kamar in na bar hannun haka na yarda ke nan. Na miƙa duka goma, na ce a cika, a sa har gaɓa ta biyu. Aka shafa man mahalabiya, aka ɗora lalle mai kauri, ya bushe aka sake ɗorawa, na kara hannun a hayaƙi har ya yi baƙi wuluk. Mata suka yi guɗa, wata ta ce yau kam Malam, wato mijina, zai manta da amarya ta wa ce.

Washegari da la'asar, ana tsakiyar kiɗa, wayar ta motsa a ƙugu inda nake soke ta. Na fita bayan gida na ciro. A kan gilashin ga hoton ɗana, ga alamar saƙon murya. Na ɗora yatsa. Wayar ta ɗan girgiza, ba ta buɗe ba. Na goge hannu a tufafi na sake. Ta sake girgiza. Na juya ta na dubi zagayen, na hura masa iska, na danna da ƙarfi, na danna a hankali. Rubutu ya fito da Larabci, na karanta harafi harafi: a jira, an yawaita gwadawa. Na gwada lambobin da nake zaton su ne, ta ƙara mini jira.

Wani zai ce ai tunda saƙo ya zo daga wayarsa, yana raye. Ni ban iya cewa haka ba. Akwai wata a unguwarmu da mijinta ya rasu a wurin aiki a Dindir, saƙo ya zo mata daga wayarsa, ta buɗe da murna, ta ji muryar wani yana sallama yana cewa a yi haƙuri. Abokan aiki haka suke yi, su duba wayar mamaci su nemi inda aka rubuta uwa ko mata. Ina wurin lokacin da ta saurara. Don haka abin da nake son sani ɗaya ne, muryar wa ke cikin wayar nan.

Mata suka taru a kaina da shawara. Wata ta ce lemun tsami. Wata ta ce toka da gishiri. Gwaggon mijina, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta ce a kai wa malami ya tofa wa wayar. Na bi ta lemun tsami da toka, na dirje yatsan har da yashi, baƙin bai tafi ba, fatar ce ta saɓule ta yi ja tana zafi. Mijina ya same ni a bakin randa ina wannan aiki.

“Bari haka, za ki cire yatsan ne. Gobe ki shiga Managil. In da mugun labari ne, da wani ya tako ya zo.”

Ya faɗi haka, amma na lura tuwon da aka kai masa ya dawo yadda aka kai shi.

A Managil na nemi layin masu gyaran waya, na tsaya gun wani saurayi da ke da teburin gilashi ƙarƙashin laima. Da ya ji Larabcina ya ɗago kai ya gaishe ni da Hausa, irin ta yaran birni mai tuntuɓe. Iyayensa mutanen wajen Kamlin ne. Ya karɓi wayar, ya ce in nuna masa yatsan. Ya duba, ya kama baki.

“Hajja, wannan ai ba zane ko ɗaya. Kin sa a wuta ne?”

“Kisrar biki. Da lalle. Da toka.”

Kusa da shi akwai wata mai shayi, maza zaune kan kujerun roba, ba abin da suke jira sai magana. Wani mai farar jallabiya ya ce laifin masu ƙera wayar ne da suka sa abin a baya, inda mutum ba ya gani, yana lalube kamar mai neman ƙuma. Ya ce ya ji tabbas, waɗanda za su fito baɗi a ƙarƙashin gilashi za a sa, ka taɓa fuskar wayar kawai ta buɗe. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, gilashi ba ya ji, a gefe za a mayar, kan maɓallin kunnawa, ɗan'uwansa da ke aiki a ƙasar waje ya gani da idonsa.

“Ɗan'uwanka da ya ce zai aiko maka da babur tun kafin a haifi 'yarka?”

Aka fashe da dariya. Wani ya ce duk ku bar wannan, yatsa ya ƙare, fuska za su riƙa dubawa. Mai shayi tana zuba suga ta ce to ranar da haƙori ya kumbura maka kunci fa, sai ka kwana a waje? Mai jallabiya ya ce shi ya ji har ƙwayar ido za su karanta. Wani tsoho da ke gefe ya ce su ci gaba, wata rana sai mutum ya yi wa wayarsa rantsuwa kafin ta yarda shi ne.

Ina tsaye ina jinsu, ƙafata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Na tambayi mai gyaran a hankali ko ta ƙarƙashin gilashin nan tana gane yatsa mai lalle, ko za a iya mayar da tawa haka. Ya ce shi bai taɓa riƙe irinta ba, ji yake yi kamar kowa, kuma ko ta fito ba za ta buɗe wannan ba. Na ce to a cire katin a sa a wata waya. Ya ce saƙon ya riga ya sauka cikin wannan, ba ya bin kati. Hanya biyu ce. Ya wanke wayar tas yanzu yanzu, ta buɗe, amma duk abin da ke ciki ya tafi har da saƙon. Ko in koma gida in jira fata ta sake.

“Zanen yana dawowa?”

“Yana dawowa, in ba ki sake ƙona shi ba. Amma ki ji, Hajja. Kar ki bari ta mutu. In ta mutu, ko yatsan ya warke sai ta nemi lamba. Kuma kar ki dame ta da gwaji, sau ɗaya a yini ya isa.”

Na karɓi wayata na naɗe a gefen tob, mayafin da nake lulluɓe da shi. A mota ina ta taɓa ta ta cikin tufafi, in ji ko tana nan da ɗuminta.

Daga ranar na zama mai jinyar abu biyu. Yatsan nakan shafa masa man riɗi safe da yamma, in naɗe da tsumma mai tsabta. Wanki da hagu, tsintar wake da hagu, sai cin abinci kawai nake yi da dama ina ɗage shi sama. Doka na jingine ta a bango. Gidan ya koma cin tuwo kullum, 'yan matana suka gwada kisra ta fito da kauri kamar tabarma. Faccalata in ta shigo takan ce, “Ina kwana Yaya, ya mai jiki? Ya sha kunu?” tana nuna tsumman. Nakan yi murmushi. Ba da mugunta take yi ba, na san ta ji nauyin ita ta matsa mini a kan lallen, ba ta dai san yadda za ta faɗa ba.

Wayar kuwa ta fi yatsan wahala. Wuta in ta zo, ko ina salla ne da na sallame sai in ruga in jona. In ba ta zo ba sai shagon bakin masallaci, mai faifan hasken rana a rufinsa, in zauna a kan benci ina kallon wayar kamar za a sauya mini ita. Wata rana mai shagon ya tafi jana'iza wani ƙauye ya kulle, wuta ba ta leƙo ba, alamar batir ta yi ja ta rage ɗan siriri. Na fita ko takalmi ban sa daidai ba, na bi gida gida. Na ƙare a injin niƙa, mai injin ya jona mini a janaretonsa, na tsaya cikin ƙara da garin dawa yana sauka a kaina har ta ɗan farfaɗo. Da na dawo 'yata ta ce, “Inna, kin tsufa yau ɗaya,” tana kakkaɓe mini gira.

Kullum bayan la'asar nake kwance tsumman, in wanke hannu, in bari ya bushe, in yi bisimilla in ɗora. Ta girgiza. In mayar da tsumma. Baƙin lallen ya koma ja, jan ya koma kalar ɓawon albasa, farin farce ya fara leƙowa daga tushe. Nakan kai yatsan kusa da ido a rana ina neman layukan nan da ban taɓa kula da su ba tsawon rayuwata. Wani lokaci in ga kamar sun fito, wani lokaci in ga ba komai. Sau da yawa na ɗaura niyyar komawa Managil in ce a wanke, ko wani sabon saƙo zai shigo in ji. Sai in tuna in wannan ne na ƙarshe da ya yi fa. Mijina bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Na dai ji daga bakin mutane cewa kullum da hantsi yana tasha yana tambayar direbobin arewa.

Cirar gyaɗa ta zo, ba yadda za a yi in zauna a gida. Na riƙa bin mutanen gida zuwa hawasha, gonarmu ta haya, ina cira da hagu, ina baya kowa yana gaba. Ran nan la'asar ta same mu a can. Na gangara bakin tur'a na yi alwala, na yi salla a kan ciyawa, na zauna hannu ya bushe. Na ciro wayar ba tare da wani sa rai ba, manunina ya faɗa inda ya saba. Gilashin ya yi haske, hotunan nan ƙanana suka bayyana.

Ban danna saƙon ba. Na tashi da wayar a tafin hannu kamar mai ɗauke da kwano cike da madara, babban yatsana yana shafa gilashin kar ta sake rufewa, na bi kunya kunya har inda mijina yake tara gyaɗa.

“Malam, ta buɗe.”

Ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya sake gogewa.

“To danna mana.”

“Kai ka danna.”

“Wayarki ce. Ke ya aiko wa.”

Na danna. Da farko iska ce kawai, da ƙarar inji daga nesa, da muryoyin mutane suna ciniki. Sai tari. Tarin ya daɗe, ban gane na wa ne ba, na durƙusa a kan kunya. Sai aka ce, “Inna.”

Shi ne. Muryar ta dushe amma shi ne. Ya ce ya san labari zai riga shi isowa, kar hankalina ya tashi, ba rijiyarsu ba ce, ta kusa da su ce. Sun yi kwanaki suna tono da hannu, sun fitar da wasu da rai, wasu ba rai, ƙurar ce ta kama masa ƙirji. Ya ce an rufe wurin, za su ƙara gaba cikin hamada inda aka ce an samu, can ma ba shabaka, kar in ji shiru in damu. Ya ce a gai da Baba, a ce masa ba zai dawo hannu wofi ba. Ya fara wata magana sai saƙon ya yanke.

Mijina ya juya baya yana gyara tarin gyaɗar da ba ta bukatar gyara. Na sake kunnawa, muka sake ji. Sai a karo na uku na lura da ranar da ke jikin saƙon, na tuna tun ranar biki yake kwance a nan. Duk tsawon jinyar yatsan nan ba wani da ya biyo bayansa. Inda ya ce za su, sun isa ko ba su isa ba, tarin ya sauka ko bai sauka ba, wayar ba ta sani ba.

“Ce masa ya dawo,” in ji mijina, bai juyo ba. “Ce masa gyaɗa ta yi kyau bana, ba hannu.”

Na danna wurin magana na riƙe. Na yi sallama, na ce mun ji, mun gode Allah. Na faɗi saƙon babansa yadda ya faɗa. Na ce ya sha ruwan ɗumi da citta, ya rufe hanci in zai shiga rami. Na ce in ya samu hanya ya faɗo mini lambobin nan a hankali, da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. Na saki. Alama ɗaya ce ta fito a gefen saƙon, wato ya bar hannuna amma bai isa gare shi ba. Na tsaya ina kallonta har gilashin ya yi duhu da kansa. Na yi sauri na ɗora yatsan, ta buɗe. Alamar tana nan ɗaya.

Washegari da sassafe na ɗauko doka daga jikin bango na wanke ta, na hura wuta. Ƙullu ya kwana ya yi tsami daidai. Na sake naɗe manunin da tsummansa, na ɗage shi sama, na zuba, na baza, na sa yatsan tsakiya na kamo gefe. Bai san aikin ba. Ta farko ta yage, ta biyu ta naɗe ta ƙone, na watsa wa kaji. Wayar tana kan kujera kusa da ni, nesa da wuta, fuskarta sama. Na ɗebo ƙullu na sake zubawa.